Zafin Inji: Shin a Saya wa Babur Fanka?

Tun da bazara ta kama, yawancin tambayoyin da ke zuwa mini kan zafin inji ne. Na zaɓi uku da suka shafi fanka.

Ta farko daga Sakkwato: "Malam, Boxer gare ni, ina kai kaya kasuwa da ita. In rana ta take na shiga cunkoso, zafin inji har ƙafata yake duka, ƙarfinta kuma ya ragu. Na ga ana tallar wata ƙaramar fanka mai aiki da batir da ake ɗaurawa a gefen inji. In saya?"

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Injin Boxer ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa. Ƙarafan nan da ke jere a jikin silinda kamar haƙarƙari su ne ke kwashe zafi su miƙa wa iska, sai baƙin mai da ke zagayawa yana ɗaukar nasa kason. In kana gudun kilomita 40 a awa, iskar da ke dukan injin ta kai mita 11 a kowace daƙiƙa, kuma ko'ina take bi. Fanka mai faɗin tafin hannu ba za ta ba ka haka ba. In ma aka ɗaura ta ta gaba, tare hanyar iskar take yi. Amfaninta a tsaye ne kawai, ko in ana tafiyar hawainiya.

Ka san inda wannan kasuwa ta samo ƙarfi? Amurka, wajen masu hawa Harley-Davidson. Injinsu mai suna Milwaukee-Eight 107, girmansa cc 1,745 ne, silinda biyu, ta baya kuma tana ɓoye a bayan ta gaba, iskar da ke isa gare ta ta riga ta ɗumama. Abin ya kai kamfanin ya saka wani tsari da ke yanke wa silindar baya mai in inji ya yi zafi a tsaye, wasu kamfanoni irin su Love Jugs kuma suka shiga ƙera fankoki don waɗannan babura. Naka cc 100 ne, silinda ɗaya, a fili. Ciwonsu daban, naka daban.

Ga kuma batun wuta. Fankar da ke hura iskar kirki tana jan amfiya 2 zuwa 3, batirin ƙaramin babur kuwa ɗan mitsitsi ne, kuma koyil ba ya ba da caji sosai in inji yana silo, ma'ana yana aiki babur na tsaye. Wato lokacin da ake buƙatar fankar shi ne lokacin da wuta ta fi ƙaranci. Sati biyu ka ji hon ya shaƙe, sigina ta daina ƙiftawa. Masu ɗaura fankar kwamfuta kuwa, ita ba ta cin wuta, amma iskarta ko shayi da kyar ta hucar, kuma ba a yi ta don ƙura da zafin salansa ba.

Abin da nake zargi shi ne kabureta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun je wa bakanike da roƙo ɗaya: a rage mata shan mai. Shi kuma ya matse ta, iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan. Irin wannan haɗin yana ƙonewa da zafi fiye da kima, kuma sannu a hankali yake cin bawul da fistin. Kwance fulogi bayan ka yi tafiya mai ɗan nisa ka duba bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. In ya yi fari fat kamar alli, ga ɓarawonka nan. Abin da ka tara a gidan mai, mai ringi da fistin ne zai karɓe shi.

Daga nan sai baƙin mai. Injin lita ɗaya ko ƙasa da haka yake ɗauka, don haka in ya ragu da kofi guda, babban gibi ne. A zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, 20W-50 na babur ya fi dacewa, a cikin galan ɗinsa da hatimi, ba na awo a kwalba a bakin titi ba. Ka riƙa yin juye a kan kari. Ka sa a duba tafet, wato ɗan gibin da ake barin wa bawul, don in ya matse bawul ba ya zama daidai a mazauninsa, zafi ya taru a kansa. Sannan ka samu burushi ka kankare laka da maiƙon da suka cike tsakanin haƙarƙarin nan, domin bargo ne ka lulluɓa wa injin. Buhu nawa kake ɗora mata kuma, wannan tsakaninka da Allah.

Ta biyu daga wani direban adaidaita sahu a Kano: "Bakanikena ya cire murfin da ke rufe fankar injina, ya ce yana hana inji shan iska. Yanzu ina son in ƙara fankar batir. Wacce ta fi?"

Babu ko ɗaya. Koma ka karɓo murfinka yau, in ya jefar ka sayi wani. Injin Bajaj RE da na TVS King a baya yake, ƙarƙashin kujerar fasinja, inda iskar hanya ba ta isa. Shi ya sa aka haɗa masa fanka da ke juyawa tare da injin kansa, ba ta taɓa batir. Murfin nan shi ne ke kama iskar ya bi da ita ta kan silinda. In babu shi, fanka na juyawa amma iskar watsewa take a banza, kamar mai fifita wuta daga nesa. Bakaniken ya ga inji a buɗe ya ɗauka ya samu sarari, alhali ya toshe masa numfashi ne. Kafin a mayar, a duba ko fiffiken fankar ya karye, a kuma zare ledar da ta maƙale a ragar shigar iska. Ƙananan baburan nan marasa giya da mata ke hawa, su ma haka tsarinsu yake.

Ta uku daga Abuja: "Ina da tsohon babban babur cc 750 mara lagireto, kullum ina bin hanyar Nyanya zuwa Mararaba. Fanka za ta taimaka?"

Kai kam za ta taimaka, Yallaɓai, tunda injinka babba ne, cajinsa ya fi ƙarfi, kuma a wannan hanya tsayuwa ta fi tafiya yawa. Nemi mai rufaffen moto da ruwa da ƙura ba sa shiga, mai ƙafar ƙarfe. A saita ta tana hura kan silinda, wajen fulogi da bakin salansa inda zafi ya fi taruwa, daga gefe. A ja wayarta ta fiyus da rile (ɗan makunnin da ke ɗaukar nauyin wuta), ta bayan makulli, yadda in ka kashe babur ita ma ta mutu, a kuma sa mata maɓalli ko na'urar da ke tayar da ita in zafi ya kai. In babur ɗin bai zo da na'urar sanyaya baƙin mai ba, ka tambayi kuɗinta kafin ka yanke shawara, don ita tana aiki ne a kan hanya, fanka kuma a tsaye. In layi ya cije fiye da minti biyu ko uku, murɗa makulli ka kashe.

Ku ukun duka, kada wanda ya fasa fiya wata a kan inji mai zafi. Kan silinda alminiyam ne, sanyin farat ɗaya na iya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. A kai shi inuwa, a ba shi minti goma sha biyar.