Dalilin da ya sa Hausawan Sudan ba sa ɗokin yaƙin ƙetare

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran jama'ar Gombe, na ga tambayarka a kan abin da ya sa jikinmu ke yin sanyi, mu Hausawan Sudan, duk lokacin da aka kawo maganar tura soja wata ƙasa ko gayyato sojan waje, alhali a wajenku akwai masu ganin ta haka ne za a kawo ƙarshen rashin tsaro.

Tushen abin yana ƙasarku. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a shekarar 1903, sai ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sennar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Turawan da suka ce hana cinikin bayi ya kawo su ba su bar Najeriya ba sai 1960, kuma kakanninmu sun tarar da su a Sudan ma, inda suka zauna har 1956. Da wannan labarin ake renon yaro a gidajenmu, saboda haka yana tashi da sanin cewa dalilin da soja ya faɗa ranar shigowarsa ba shi ke tsayar da ranar fitarsa ba.

Amma abin da ya fi taɓa mutanen zamanina shi ne Yaman. A watan Maris na 2015 Saudiyya ta jagoranci ƙawancen ƙasashe domin mayar da Shugaba Abdu Rabbu Mansur Hadi kan mulki, bayan 'yan tawayen Huthi sun kama Sana'a, babban birnin ƙasar, a 2014, gwamnatin Sudan ta Umar al-Bashir kuwa ta tura dubban sojoji da dakarun RSF, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa, tana cewa kare Makka da Madina za su yi. Ka san yadda wannan magana take shiga zuciyar Bahaushe, balle mu da hanyar hajji ce ta zaunar da da yawa daga cikin iyayenmu a wannan ƙasa. Ga shi kuma albashin da ake biya da riyal ya fi abin da saurayi zai samu a gonar auduga ko dawa nesa ba kusa ba.

A al'adarmu saurayi ba ya yanke irin wannan shawara shi kaɗai. Ana kai maganar gaban mahaifinsa da baffanninsa da limamin unguwa, galibi bayan sallar isha'i, kuma abin da dattawa suka fi nacewa a kai shi ne a gaya musu wanda za a je a yaƙa da lokacin da za a gama. Da aka ce Musulmi ne talakawa irinmu, kuma babu mai iya faɗin ranar dawowa, na san gidajen da suka hana 'ya'yansu tafiya duk da talaucin da suke ciki. Waɗanda suka bari kuwa, wasunsu sun yi zaman makoki babu gawa babu kabarin da za a ziyarta, kuma ban ga abin da ya fi wannan karya zuciyar uwa ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin Yaman ya ci rayuka kimanin 377,000, fiye da rabinsu ta hanyar yunwa da cuta. Hadi ya miƙa mulki a 2022 ba tare da ya koma Sana'a ba. A Disambar 2019 Firayim Ministan Sudan Abdalla Hamdok ya ce an rage sojojinmu da ke Yaman daga 15,000 zuwa 5,000, sai dai kuɗi da ƙwarewar yaƙin da RSF ta samo a can sun riga sun dawo gida. A ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke tsakaninta da sojan ƙasa, ta kama Wad Madani a Disambar shekarar, sannan Sinja a 2024, wato tsakiyar yankin da jama'armu suka fi yawa, iyalai suka watse da ƙafa.

Kada ka ɗauka muna raina masu zuwa taimako. Sojojin Najeriya sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur, wasunsu sun rasa rayukansu a can, muna kuma yi musu addu'a. Rundunar haɗin gwiwar Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna daga 2007 zuwa 2020, ta kare mutane da dama a sansanonin gudun hijira, amma rikicin fili da na mulki da ya jawo yaƙin yana nan yadda ta same shi, kuma ba a cika shekara uku da ƙarewar aikinta ba aka yi wa dubban mutane kisan gilla a Al-Junaina, babban birnin Darfur ta Yamma.