Ku Tambaya Mu Amsa: Ni da Yayana Mun Kasa Daidaitawa Kan Na'urar Gem

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ina amfani da PS4, faifaina sun kai talatin, akwai kuma wasu na PS2 da na adana tun ina sakandare. Yanzu zan sayi sabuwa. Ni PS5 nake so, yayana kuwa ya dage Xbox Series X ta fi, wai ita ce mai cin tsofaffin faifai. Kullum sai mun yi musu. Wacce ta fi? Shin cin tsohon faifai abin dubawa ne, ko talla ce kawai? Daga Auwal.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Auwal. Yayanka yana da gaskiya, amma gaskiyar tasa ba za ta amfane ka ba. Xbox tsofaffin faifan Xbox take ci. Ko ɗaya daga cikin talatin ɗinka ba za ta karanta ba.

Bari in ba shi haƙƙinsa tukuna. A wannan fanni Microsoft, kamfanin da ke ƙera Xbox, ta yi ƙoƙari. A 2015 ta sa Xbox One ta fara karɓar gem ɗin Xbox 360, a 2017 ta ƙara da na Xbox ta farko, wadda ta fito a 2001. Aka yi ta ƙari har Nuwamban 2021, lokacin da kamfanin ya ce ya tsaya, saboda matsalar lasisi da ta fasaha. Tsofaffin da aka shigar sun haura 600, ban da na Xbox One da kusan duk suke aiki a Series X. Sai dai 600 ɗin zaɓaɓɓu ne daga cikin dubbai, ba kowane faifai ake zurawa ya tashi ba.

PS5 kuwa, da ta fito a Nuwamban 2020, tana cin kusan dukan gem ɗin PS4, sama da 4,000, 'yan ƙalilan ne suka ƙi. Daga nan ta ja birki: ba PS3, ba PS2, ba PS1 a faifai. Dalilin yana cikin ƙirar. PS4 da PS5 duk ƙwaƙwalwar kamfanin AMD suke amfani da ita, mai tsari irin na kwamfuta, don haka harshensu ɗaya. PS3 kuwa ƙwaƙwalwarta, mai suna Cell, daban take, kwaikwayonta yana da wuya. Abin dariya, PS3 ta farko a 2006 tana cin faifan PS2 sarai, domin kayan cikin PS2 ɗin aka dasa mata. Da tsada ta yi yawa sai Sony, kamfanin da ke ƙera na'urorin PS, ta cire su a samfuran da suka biyo baya. Saboda haka faifanka na sakandare, sai dai ka nemi tsohuwar PS2 mai rai, ko waccan PS3 ta farko.

To, abin dubawa ne? A ganina ya danganta da nisan bayan. Faifan na'urar da ka baro jiya yana da muhimmanci ƙwarai: kuɗinka ne, kuma na tabbata cikin talatin ɗin nan akwai aƙalla biyar da ba ka gama ba. Ranar da ka kunna sabuwa kana da abin bugawa, ba sai ka sake sayen komai ba. Amma na shekara ashirin baya, yawanci marmari ne kawai. Ni shaida ne. Na taɓa haƙilon tayar da wani gem ɗin ƙwallo da muka kwana muna bugawa da ƙuruciya, na jona waya, na share ƙura. Minti goma ban cika ba na kashe. 'Yan wasan kamar an sassaƙa su da gatari, ni kuma idona ya riga ya saba da na yanzu. Ashe abokan da muke bugawa tare nake kewa.

Ban ce cin tsohon faifai ba shi da amfani ba. Nintendo, wani kamfanin gem, ta rufe kantin intanet na na'urorinta Wii U da 3DS a Maris 2023, na Xbox 360 ma an rufe shi a Yulin 2024. Idan kanti ya rufe, na'ura ta tsufa, cin tsohon faifai ne ke hana gem ɓacewa. Nintendo ɗin ma, da Switch ta 2017 ba ta karɓi komai na Wii U ba, ta sa Switch 2 ta Yunin 2025 tana karɓar mafi yawan na Switch.

Kai dai PS5 ce taka. Amma ka buɗe ido wajen saye: akwai samfurin da ba shi da bakin faifai, kamar yadda Xbox Series S ma ba ta da shi. Ka ɗauko irin wannan, talatin ɗinka sun zama ado, sai ka sayi mazubin faifan daban, shi ma a sababbin samfura kaɗai yake shiga. Kuma kafin ka rabu da PS4, ka kwashe inda ka tsaya a kowane gem zuwa filash ko kai tsaye cikin sabuwar.

Yayanka kuma ka tambaye shi faifan Xbox nawa gare shi. In yana da su, ya sayi tasa, ka riƙa zuwa ɗani.