Abokin ɗakina ya yi mankas a wasan shan giya, aka ce in bar shi ya yi barci

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a Amurka, shekarata ta farko ke nan. Ba na shan giya, amma abokin ɗakina, ɗan shekara 19, yana sha. Daren Asabar aka kawo shi ranga-ranga daga wani biki inda suka yi wasan da suke kira flip cup. Abokansa suka ɗura masa gahawa, suka kwantar da shi, suka ce da ya yi barci zai wartsake, suka yi tafiyarsu. Ya kwana yana wani irin minshari, ni kuwa ban runtsa ba. Na so in kira motar asibiti, sai na ji tsoron kada in jawo masa fitina tunda bai kai shekarun sha ba, ni ma kada abin ya taɓa bizata. Da safe ya tashi lafiya. Na yi daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka yi daidai ba, Allah ne dai ya kiyaye. Amma rashin barcin nan da ka yi ya nuna zuciyarka ta fi ta abokansa gane abin da ke faruwa.

Shi wannan wasa, layi biyu ake ja a gefen tebur. Kowa sai ya shanye kofinsa, ya ɗora shi a bakin tebur, ya yi ta ɗalla shi da yatsa har ya kife, sannan na kusa da shi ya karɓa. Ɗan'uwansa beer pong kuma ƙwallon tebur ake jefawa cikin kofuna goma, wanda aka jefa a nasa ya shanye. Haɗarin yana wajen sauri. Ba wanda yake so a ce shi ya kayar da ƙungiyarsu, don haka yaron da a zaune zai yi awa guda da gwangwani ɗaya sai ya kwankwaɗe biyar ana yi masa tafi. Hanta kuwa ba ta san gasa ba. Abin da take iya sarrafawa a awa bai wuce kimanin gwangwanin giya ɗaya na mililita 355 ba. In dare ya yi nisa aka koma zuba barasa mai ƙarfin kashi 40 cikin ɗari a kofunan, lissafi ya ɓace wa kowa.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai: "a bar shi ya yi barci." Na gaji da jin ta a ɗakin gaggawa, daga bakin mutane masu ilimi ma. Wanda ya sha da gudu haka, lokacin da ya faɗi akwai sauran giya fal a cikinsa da hanjinsa da ba ta shiga jini ba tukuna. Ya daina sha, amma mayen bai daina hawa ba. Mutumin da kuka kwantar ƙarfe ɗaya yana surutai, ƙarfe biyu yana iya zama wanda ba ya jin kira. Giya tana danne wurin da ke sarrafa numfashi a ƙwaƙwalwa, tana kuma kashe tarin nan da ke hana abu faɗawa huhu. Idan ya yi amai yana rigingine, ba zai farka ba, ba zai yi tari ba, aman zai gangara masa hanyar iska shiru, kana gado na kusa. Minsharin da ka ji, sau da yawa harshe ne ya koma baya ya tare maƙoshi. Mutane suna jin sa su ce alhamdu lillahi ya samu barci, ni kuwa in na ji shi tashi nake.

Gahawa ba ta fitar da ko ɗigon giya daga jini, sai dai a ƙware shi wajen ɗurawa. Watsa masa ruwan sanyi ya fi muni, don jikin mai maye dama yana zubar da zafinsa. Kada kuma dabarun gida su zo maka, madara ko man ja ko ruwan tsamiya, waɗanda ake ɗura wa duk wanda aka ce ya sha guba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a sa masa komai a baki. Masu tallar ƙwayoyin "kashe maye" a TikTok kuwa, kuɗin yara kawai suke ci.

Ka nemi labarin Timothy Piazza, ɗalibin jami'ar Penn State, shi ma ɗan shekara 19. A watan Fabrairun 2017, wajen bikin shiga wata ƙungiyar ɗalibai, an ba shi giya har sau 18 cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi. Ya faɗo daga matakala, aka ɗauko shi aka shimfiɗe a kujera, aka goya masa jaka a baya wai don kada ya juya rigingine. Sai bayan kusan awa 12 aka kira 911, lambar neman agajin gaggawa ta Amurka. Ya rasu ranar 4 ga watan, da rauni a kai da fashewar saifa. Ka lura da wannan: maye yana ɓoye rauni. Abokinka da aka kawo maka a sungume, wa ya san ko ya bugu a kai a hanya?

Idan ta sake faruwa, ka girgiza shi, ka kira sunansa da ƙarfi, ka mintsine shi. In bai farka ba, ka kira 911 nan take. Haka in numfashinsa bai kai takwas a minti ba, ko yana tsayawa daƙiƙa goma, ko jikinsa ya yi sanyi, leɓensa ya sauya launi, ko yana amai bai farka ba, ko ya fara jijjiga. Alama ɗaya ta isa, ba sai sun taru ba. Kafin su iso ka kwantar da shi a gefensa, gwiwar sama a lanƙwashe, baki yana kallon ƙasa, ka zauna kusa da shi kana lura da shi. Su kuma ka faɗa musu gaskiyar abin da ya sha da lokacin.

Batun tsoron hukuma, gaskiya ne shekarun sha a Amurka 21 ne. Amma ganin yadda tsoron nan yake kashe yara, yawancin jihohi sun yi dokar sassauci ga wanda ya nemi agaji saboda maye, jami'o'i da yawa ma suna da tasu. Abin haushi, a can cikin littafin ƙa'idojin makaranta ake binne ta, inda ba mai karantawa. Kai da ko kurɓa ba ka yi ba, kiran motar asibiti ba laifi ba ne a kanka. Hukuncin giya a addini ka san shi, ba sai na karanta maka ba, kuma in kana da nasihar da za ka yi masa, da rana ake yin ta, yana cikin hankalinsa. Ka zaunar da shi makon nan, ka ba shi labarin daren nan dalla-dalla, don na tabbata bai tuna rabinsa ba. Ka kuma sanar da shi tun yanzu cewa ranar da aka sake kawo shi haka za ka kira 911, ko zai yi fushi da kai.