Amsa ga Auwalu kan juya fayilolin sauti da adana su

Auwalu, ka tambaye ni abu biyu: ko za ka mayar da waƙoƙin MP3 da wani kwastoma daga Bukuru ya kawo a filashi zuwa FLAC, wani tsarin fayil ɗin sauti, domin ingancinsu ya ƙaru kamar yadda ya nema, da kuma ko za ka goge fayilolin WAV da suka cika mana ma'ajiyar kwamfuta. Ta farko, kada ka yi. Ta biyu kuwa za ka iya, amma da sharaɗi.

Sautin da ke faifan CD ana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai a kwamfuta), ta ɓangaren hagu da na dama, wanda ya kama kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato kusan megabayit 10 a minti guda. WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, yana riƙe wannan duka yadda yake. FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, yana matse fayil ɗin ya koma wajen rabi ko kashi biyu cikin uku na girmansa, amma idan aka buɗe shi, kowane awo yana dawowa daidai, ba ragi ba ƙari. MP3 aikinsa daban ne, domin yana zubar da abin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, kuma ko mafi girmansa bai wuce kilobit 320 ba. Garin da aka riga aka tankaɗe, ko an juye shi a babban buhu dusarsa ba za ta dawo ba. Saboda haka idan ka mayar da MP3 zuwa FLAC, fayil zai yi nauyi ninki da yawa alhali sautin yana nan yadda yake, kuma abin da ya fi damuna shi ne wanda zai zo bayanka zai ɗauka asali ne, har ya yar da kaset ko faifan da ke hannunsa. Ka faɗa wa mutumin gaskiya, ka tambaye shi ko yana da faifan asali, in yana da shi mu kwafo daga can da manhajar Exact Audio Copy.

Idan aka kawo maka FLAC kana shakkarsa, buɗe shi da manhajar Spek ka dubi hoton sautin. Wanda aka samo daga MP3 mai kilobit 128 yawanci za ka ga an yanke shi tas a wajen kilohaz 16 (kilohaz shi ne ma'aunin kaifin sauti), sama da nan baƙi ƙirin. Sai dai ka yi hattara da tsofaffin kaset, domin su dama saman sautinsu ba shi da ƙarfi, amma nasu yana dusashewa ne a hankali, ba ya yankewa a layi miƙaƙƙe.

Game da WAV ɗinmu, ka juya su zuwa FLAC da manhajar foobar2000, ka bar matakin matsi a 5. Matakan daga 0 ne zuwa 8, kuma dukansu sauti ɗaya suke bayarwa, bambancin kawai lokacin aiki ne da ɗan ragin girma. Kada ka taɓa adadin bit ko yawan awo wajen juyawa: abin da muka naɗa da bit 24 ya zauna a 24, sai ranar da za mu buga CD mu sauke kwafinsa zuwa 16. Sharaɗin da na ce shi ne ka gwada kafin ka goge. FLAC yana ɗauke da lambar shaida ta MD5 a cikinsa, wadda ake gwada sautin da ita a gane ko ya lalace, kuma wannan yana da muhimmanci a wurin da wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki. Ayyukan da ba mu gama haɗawa ba, ka bar su a WAV. Mai wayar iPhone kuma, ka fitar masa da ALAC, tsarin fayil na kamfanin Apple, daga FLAC ɗin, tunda shi ma ba ya zubar da komai. Mai sauraro a mota MP3 ya ishe shi, amma kullum daga asalin za ka fitar, ba daga wani MP3 ba.

Tsarin ajiya shi ne inda yawancin shaguna suke faɗuwa. Kowane mawaƙi ko malami ya samu jakarsa, a ciki shekara da sunan kundi, sannan lambar waƙa da sunanta. Ka rubuta 01 da 02, domin idan ka rubuta 1 da 2, wasu na'urori za su jera ta 10 kafin ta 2. Ka tsaya a kan rubutu ɗaya na kowane suna, don idan yau ka rubuta Muhammad, gobe Muhammadu, jibi Mamman, manhaja za ta raba mutum ɗaya gida uku. Bayanan cikin fayil, wato sunan mawaƙi da kundi da shekara, ka cike su da manhajar Mp3tag, kuma a can ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda Hausa ta tanada. A sunan fayil na kwafin mota kaɗai nake yarda a bar su babu lanƙwasa, saboda wasu rediyoyin mota ba sa karanta su. Inda ba ka san shekara ba, ka bar gurbin fanko, kada ka yi kintace, domin kintacen yau shi ne za a ɗauka tarihi nan gaba.

Kafin ka goge WAV ko ɗaya, FLAC ɗin ya kasance a faifan ajiya biyu, ɗaya a shagonmu na Terminus, ɗaya kuma ka kawo mini in tafi da shi gida. Ka fara da jakar tafsirin bara, ita ce ta fi cin wuri.