Shagon sadaka a Ingila: in saya, ko haƙƙin mabuƙata zan ci?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Wata uku ke nan da zuwana karatu Birmingham. Sanyi ya kama, kuma kuɗin rigar sanyi a manyan shaguna ya fi ƙarfina. Ƙawata ta ce mu leƙa shagon sadaka. Abu biyu ke damuna: ina ganin kamar zan ci rabon mabuƙata, sannan ina jin nauyin a ji a gida na ƙetare teku na ɓige da sayen gwanjo. Me kika gani? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sunan ne ya ruɗe ki. A wurinmu in an ce sadaka, abin da ake miƙa wa mabuƙaci ne a hannu. Waɗannan shagunan ba rabo suke yi ba, ciniki suke yi. Mutane ne ke kawo kayan da suka gama da su kyauta, masu aikin sa-kai su tantance, su goge, su liƙa farashi, kuɗin da aka samu ya tafi aikin ƙungiyar. Oxfam, wadda aka kafa a 1942 don agaza wa masu fama da yunwa a Girka lokacin yaƙi, ta buɗe shagonta na farko a titin Broad Street na garin Oxford a ƙarshen shekarun 1940. British Heart Foundation na sa nata kuɗin a binciken ciwon zuciya, Cancer Research UK a ciwon daji. Islamic Relief ma, da aka kafa a garin da kike a 1984, tana da shagunanta. Saboda haka ranar da kika biya kuɗin riga, ke ce mai bayarwa. Rigar da ta yi ta rataye babu mai saye ba ta ciyar da kowa ba.

Kin san inda irin wannan rigar ke ƙarewa? Da yawa daga abin da bai shiga ba a kan sayar wa dillalai bisa nauyi, su danne shi dila-dila, a loda a jirgin ruwa. Wani ya sauka kasuwar Kantamanto a Accra, wani Kwatano, daga nan ya biyo hanya har Ƙofar Wambai a Kano. Wato gwanjon da kika sani a gida ne, sai dai ke kin tare shi tun daga tushe, kafin a zaɓe na kirkin.

Maganar kunya kuwa, ba zan ɓoye miki ba, tana ba ni takaici. Yaranmu nawa ne ke cin bashi a can don kawai hoto ya yi kyau a idon mutanen gida? An ce araha ba ta ado, amma ba a nan ba. Tsohuwar kot ta ulu zalla, mai shafi mai kauri da ɗinki mai ƙwari, ta fi sabuwar rigar roba da za ta saki kafin hunturu na biyu. Turawan ma masu hali suna bin waɗannan shagunan da gangan, suna farautar abin da aka daina yin irinsa.

In za ki je, nufi unguwannin masu kuɗi kamar Harborne ko Solihull, don abin da mutanen unguwa suka kawo shi ake sayarwa. Karanta ɗan ƙyallen da ke cikin rigar ki ga da me aka saƙa ta. Duba hammata, wuya, bakin hannu da cikin aljihu, ki ja zif sama da ƙasa. Ɗaga ta saitin haske: ƙananan huji alamar asu ce. Ki gwada a jikinki, domin lambar tsofaffin kaya ta fi ta yanzu matsewa, kuma ki tambayi ƙa'idar mayarwa kafin ki biya. In kin kai gida, kayan ulu ki ƙulle su a leda ki sa a firiza na mako guda, sauran ki wanke. Tukwane, kwanukan tangaran da littattafai ma ki duba. Kayan ciki da matashin kai dai ki sayi sababbi.

Tambaya: Hajiya, na ga tsohon keken ɗinki na hannu, baƙi, ƙirar Singer, a wani shagon sadaka a Manchester. Ina so in aika wa mahaifiyata a Zariya. Ya cancanci wahalar? Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Malam, Allah ya yi albarka da wannan niyya. Waɗannan kekunan ƙarfe ne zalla, kuma da yawansu a masana'antar Clydebank ta Scotland aka ƙera su, wadda aka rufe a 1980. Akwai lamba a jikin gindin keken ta gefen dama, da ita za ka gano shekarar ƙirarsa. Juya hannun ka ji ko yana tafiya sumul, ka ga allura na hawa da sauka, ka tabbata kwarkwaro da gidansa suna nan. In samfurin Singer da ake kira ƙirar 15 ne, kayansa kan yi daidai da na Butterfly da telolinmu ke aiki da shi, don haka mai gyara a Zariya ba zai sha wuya ba. Ka sani miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, kuma nauyinsa zai iya sa kuɗin aikawa ya ninka kuɗin saye. Ka auna shi, ka ji farashin masu kai kaya ta ruwa, sannan ka kira Mama ka ji ko na hannu take so ko na ƙafa ta saba da shi.