Riga Ba Ta Tsayuwa Da Kanta

Jiya muna rufe shago ka ce mini: "Maigida, tunda mutanen da muke zanawa duk cikin babbar riga da hijabi suke, me zai sa in wahalar da kaina da koyon ƙwarangwal?" Na ce ka bari sai da safe, don ina so in sake duba dattijon nan mai carbi da ka zana.

To, na duba. Aikin wuyan rigar ya fito, aska takwas ɗin ma ka ƙirga su daidai. Amma yarona, babu mutum a cikin rigar nan. Kamar an rataye ta a ƙusa aka ɗora mata kai da hula.

Yadi ba ya da siffar kansa, abin da ke ƙarƙashinsa yake bi. Babbar riga a kafaɗa take rataye, daga nan duk ninkinta ke gangarowa. In mutum ya naɗe hannun rigar ya aza a kafaɗa, nauyin ya koma can. In ya zauna, gwiwoyi biyu su ne ke tokare ta, tsakaninsu yadin ya lotsa. Hijabi kuwa daga tsakar ka yake sauka, kafaɗa ta tare shi, gwiwar hannu ta turo shi. Wanda bai san inda waɗannan ƙasusuwa suke ba, sai ya riƙa zuba layuka barkatai yana cewa ninki ne.

Ba na ce ka haddace ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi ba, wannan aikin likitoci ne. Awo nake so ya zauna maka a ido. Tsawon babban mutum kamar kansa bakwai da rabi ne, jariri kuwa wajen huɗu, shi ya sa yaran da kake zanawa suke fitowa kamar tsofaffin da aka matse. Ido a tsakiyar kai yake, ba can sama kusa da gashi ba. Miƙe tsaye ka saki hannunka: gwiwar hannu tana daidai ƙugu, yatsu suna kai wa tsakiyar cinya. Ni ma ina sabon shiga na taɓa yi wa wani mai shagon ɗinki allo, na ba mutumin ciki hannaye iya ƙugu. Sati guda maƙwabta suna yi masa dariya kafin ya dawo mini da shi.

Sai tsayuwa. Ba wanda ke tsayawa cak kamar turmi. Mutum kan jingina nauyinsa a ƙafa ɗaya, kwankwason wannan gefen ya ɗaga, kafaɗar gefen ta sauka. Ka ja layi daga ramin wuya zuwa ƙasa, zai faɗa kan ƙafar da ke ɗauke da nauyin. In bai faɗa nan ba, mutuminka faɗuwa yake shirin yi, ko da ka lulluɓe shi da shadda yadi goma.

Leonardo da Vinci, shahararren mai zane ɗan Italiya da ya rasu a 1519, gawa ya riƙa feɗewa don ya ga yadda tsoka ke kama ƙashi. Mu ba ma buƙatar haka, muna da mahauta. Je ka tsaya wurin mai nama ka kalli ƙafar rago, ka ga jijiya inda ta riƙe gaɓa. Daga nan ka wuce dandalin dambe ko kokawa, can ne za ka ga baya da allon kafaɗa suna aiki a fili. Mai ga-ruwa yana tura kura, ɗan dako da buhu a ka, mace da goyo ta ɗan ranƙwafa gaba: kowanne ka zana shi cikin minti ɗaya. Da biro za ka yi, don kada ka samu damar gogewa. Kar ka fara da fuska, fara da layin ƙashin baya. In kuma za ka zauna ka zana fuskar wani, nemi izininsa tukuna.

Na kuma lura duk mutanenka hannunsu a aljihu yake, ko a ɓoye cikin riga. Na gane wayon, ni ma na yi shi. Hannu ɗaya ƙashi 27 ne, 14 daga ciki a yatsu, kuma babban yatsa gaɓa biyu gare shi, sauran uku-uku. Naka na hagu yana tare da kai kullum, ba ya neman kuɗin zama. Zana shi riƙe da kofi, da carbi, a dunƙule, a buɗe, guda ashirin kafin Juma'a. Dattijon nan kuma ɗauko takarda mai shara-shara ka ɗora a kansa, ka nemo mini inda kafaɗunsa da gwiwoyinsa suke. Fensir 2B yana cikin durowa ta biyu.