Faktir ɗin kuran ta yi ma nauyi a Faransa: amsa ga ƙanenmu na Lil

Wani ƙanenmu ɗan nan Tawa da ke aiki wajen Lil a arewacin Faransa ya aiko min da saƙo, ya roƙa in sakaya sunanshi. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Yaya ina wuni, ya gida. Ina haya ɗaki biyu ni da iyalina da jaririnmu, shofaj ɗinmu, wato abin ɗumama gida, na kuran ne. Bara wani ya ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce kamfaninsu ya fi arha, yuro 60 kawai a wata, na sa hannu. Yanzu sun aiko da faktir ɗin ƙarshen shekara wai sai na cika yuro 700 da ɗoriya, ga kuɗin da nake aika ma Inna duk wata, ga sabunta takardar zama ta matso. Mun kashe shofaj muna kwana da rigunan sanyi. In sake kamfani ne? Wanne? Kuma suna iya yanke min kuran?"

Ƙanena sannu, Allah ya raya mana yaron. Kafin mu shiga lissafi don Allah tashi ka kunna shofaj ɗin ɗakin da jaririn nan yake kwana, ko da sauran gidan zai zauna da sanyinshi, don sanyin Lil ba irin hunturunmu ba ne da rana za ta fito da hantsi ta gasa ma mutum baya, can sanyi ne mai laima da ke shiga bango ya zauna wata da watanni, yaro ƙarami ba ya ɗaukarshi. Kuma ina roƙonka da girman Allah kada ka hura gawayi cikin ɗaki, ko na shayi ne, kada kuma ka kunna murhun gaz ka bar shi wai ya ɗumama gida. Mu nan ana yi ana tsira saboda ɗakunanmu iska na shiga ta ko'ina, gidajen can kuwa a toshe suke ruf, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai ne da jiri da amai sai barci, duk shekara tana kashe mutane a Faransa. In kun taɓa jin haka ku duka a lokaci guda, ku buɗe taga ku fita waje ku kira lambar agajin gaggawa, 18 ko 112.

To yanzu yuro 60 ɗin nan. Ba farashin kuran ba ne aka gaya ma, kuɗin ajiya ne da ake cira duk wata bisa ƙiyasi, shekara na cika sai su duba kontar su ga abin da ka sha na gaskiya, in ajiyarka ba ta kai ba ka cika, in ta wuce su maido ma. Kamar mai shagon unguwa ne da kake ba shi wani abu duk wata kana ɗibar kaya yana rubutawa a littafi, ƙanƙantar abin da kake ba shi ba ta rage kuɗin buhun shinkafa ba, ranar lissafi kawai ta ke jira. Masu yawon ƙofa ƙofa sun san wannan sarai, sai su rage ƙiyasin ya yi daɗin ji, mutum ya sa hannu yana murna. Gida mai ɗaki biyu da shofaj na kuran da tankin ruwan zafi a arewacin Faransa, da wuya ƙwarai yuro 60 ta riƙe shi. Ka riƙe wannan don gaba, duk kwantaragin da ka sa ma hannu a ƙofar gida ko ta waya kana da kwana 14 ka janye ba tare da ka ba da dalili ba, kuma kada ka sake nuna ma baƙo faktir ɗinka a bakin ƙofa don lambar kontar ɗinka na jiki.

Sake kamfani kyauta ne, kuma ba wuya. Tun 1 ga Yuli 2007 aka buɗe ma magidanta kasuwar, ba kamar nan ba da NIGELEC ce kaɗai ko kana so ko ba ka so. Wayoyi da kontar na Enedis ne a kusan duk ƙasar, bututun gaz na GRDF, su EDF da Engie da TotalEnergies da sauran ƙanana sayarwa kawai suke yi, ke nan kuran ɗin guda ne ko wa ka zaɓa, ba a yankewa ranar canji, ba a sake kontar, ba tara, kuma sabon kamfanin ne ke sallamar tsohon ba kai ba. Amma fa bashin tsohon na nan yana jiranka, za su aiko da faktir ɗin rufe lissafi, gudu ba ya share shi.

Ba zan ce ma ga kamfanin da ya fi ba don farashi na motsi, wanda ya fi arha yau wata shida ya zama mai tsada. Abin da zan koya ma shi ne yadda za ka auna da kanka. Ɗauko wannan faktir ɗin da ta tada ma hankali, ita ce ma ta fi amfani, ka nemi abu uku a ciki: adadin kWh (ma'aunin kuran) da ka sha a shekara, ƙarfin kontar ɗinka (6 kVA ko 9 yawanci), da lambar kontar ɗinka da ake ce ma PDL mai lamba 14. Sai ka shiga shafin energie-info, na ofishin mai shiga tsakani ne na gwamnati kan makamashi, ba ya karɓar kamasho daga kowa, yawancin sauran shafukan kwatanta farashi da za su fara fito ma a Google kuwa dillalai ne, daga kamfanonin suke ci. Ka sa lambar garinku da kWh ɗinka na gaskiya, zai jero ma kuɗin shekara guda na kowane kamfani, wannan kuɗin shekarar shi za ka duba ba na wata ba. Farashi kashi biyu ne, akwai abonma da kake biya ko ba ka kunna ko kwan fitila ba, akwai kuɗin kowane kWh, wasu su rage wannan su ƙara wancan. Kai da ke ɗumama gida da kuran kuɗin kWh ne ya fi shafarka, misali in kana shan kWh 8000 a shekara bambancin santim 1 kacal ya zama yuro 80, sama da jika 52 ke nan na sefa, ka san abin da jika 52 za ta yi a gidan Inna.

Sannan ka duba irin kwantaragin. Akwai farashin gwamnati, Tarif Bleu na EDF, wanda CRE, hukumar kula da kasuwar makamashi, ke ba da shawararshi, ana taɓa shi yawanci a Fabrairu da Agusta, ya hau sosai a 2023 da 2024 sannan ya sauka da wajen kashi 15 cikin ɗari a Fabrairu 2025. Akwai masu bin sawunshi da ɗan ragi, akwai masu tsayayyen farashi na shekara ɗaya ko biyu, akwai kuma masu bin kasuwa kai tsaye, waɗannan na ƙarshe ni dai ba na ba mai iyali da ƙaramin albashi shawararsu, a rikicin 2021 da 2022 mutane da yawa sun ji jiki a hannunsu, wasu ƙananan kamfanonin ma suka rufe suka bar mutane na neman mafaka. In kanka ya ɗaure ka rasa na zaɓa, komawa farashin gwamnati ba asara ba ce, kana da damar komawa ko yaushe. Ga masu gaz da ke karanta wannan, naku farashin gwamnatin an daina shi tun ƙarshen Yuni 2023, sai dai CRE na fitar da farashin ma'auni duk wata, da shi za ku gwada. Batun awoyin rangwame kuma, awa 8 ne a yini da kuran ke da sauƙi, sauran awoyin sun fi tsada, yana da riba in tankin ruwan zafi da injin wanki a lokacin suke aiki, in ba haka ba kai ke faɗuwa.

Shin za su yanke ma? Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta hana a yanke kuran ko gaz a gidan da mutum ke zaune saboda bashi, abin da za su iya shi ne rage ƙarfin kontar, shi ma ba a yi ma wanda ke samun shek ɗin makamashi, wato tallafin gwamnati na biyan kuran ga masu ƙaramin ƙarfi. Amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa, Afrilu na zuwa. Abin da ya fi kashe 'yan uwanmu shi ne ɓoye takarda ƙarƙashin katifa don kunya ko don tsoron faransancin ofis. Gobe ka kira su ka ce a raba ma bashin wata wata, ka bi da rubutu don ya zama kana da shaida, ka ce kuma a gyara abin da ake cira duk wata ya dace da gaskiya. Ka duba kwanakin da ke jikin faktir ɗin, bisa doka ba su da ikon cajin kuran da aka sha fiye da wata 14 baya in ba kai ka hana a karanta kontar ba. In ka rubuta ƙorafi wata biyu suka wuce ba a warware ba, sai ka kai ma mai shiga tsakanin nan, kyauta ne. Ka je meri ka nemi ofishin taimakon jama'a da ake ce ma CCAS ka ce kana son ganin asistant sosiyal, ita ke cika takardun FSL, asusun da ke taimaka ma masu bashin haya da kuran. Ba bara ba ce ƙanena, kana aiki ana cire ma kuɗi a albashi duk wata. Shek ɗin makamashin kuma daga yuro 48 ne zuwa 277 a shekara gwargwadon samun gida da yawan mutanenshi, kuma da takardar lampo ake gane wanda ya cancanta, shi ya sa nake ta nanata ma mutanenmu ku riƙa cika takardar lampo duk shekara ko da ba abin da za ku biya.

Cikin gida, digiri 19 ya isa falo, 17 wajen kwanan manya, na jariri 18 zuwa 20, kuma ADEME, hukumar gwamnati kan muhalli da tattalin makamashi, ta ce kowane digiri guda da ka rage yana rage wajen kashi 7 cikin ɗari na kuɗin ɗumamawa. Mu da muka tashi cikin zafin Adar hannunmu na son murɗa shi ya kai 25 mu zauna da singileti, nan kuɗin ke tafiya. Ƙaramin radiyater ɗin nan mai hura iska da ake saye da arha, mai wat 2000, in ya yi awa 5 ya sha kWh 10, in an ce santim 20 ne kowane ɗaya yuro 2 ke nan a yini, 60 a wata, shi kaɗai. Ku rufe labule da marfin taga da magariba, ku sa tsumma ƙasan ƙofa, kada a shanya kayan yaro kan radiyater, amma kada ku toshe ramukan shan iska na bango kuma ku buɗe taga minti 10 kullum, in ba haka ba bango ya yi baƙi da laima yaro ya kama tari. Ka duba takardun hayarka akwai wadda ake ce ma DPE mai nuna yawan makamashin da gida ke ci, mai harafi daga A zuwa G, in F ce ko G to laifin gidan ne ba naka ba, tun Agusta 2022 an hana mai irin gidan ƙara kuɗin haya, G kuma tun 1 ga Janairu 2025 ba a yarda a ba da shi sabuwar haya ba. In haka ne ka fara neman wani wuri a hankali, kuma ka sa sunanka a layin gidajen gwamnati tun yanzu don layin na da tsawo.

Da ka ambaci takardar zama, bashin kuran ba shi ne prefektir, ofishin da ke ba da takardar, ke tambaya ba, amma faktir mai sunanka wadda ba ta wuce wata 6 ba tana cikin abin da suke karɓa a matsayin shaidar inda kake zaune. Saboda haka in ka sake kamfani ka tabbata an rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo, ka sa na iyalinka ma a kwantaragin don ita ma za ta buƙata, kuma ka ajiye tsofaffin faktir duka cikin jaka guda, wata rana su ne za su nuna shekarun da ka yi a ƙasar.

Saura Inna, kuma na san nan ne ya fi ci ma rai. Ina ganin iyayen nan da idona a layin karɓar kuɗi nan Tawa, na san abin da aiken nan yake riƙewa, hatsi ne da magani da kuɗin lakkol na ƙanne. Amma ban taɓa ganin uwar da za ta yarda jikanta ya kwana cikin sanyi don a cika mata aike ba, matsalar ita ce ba ku gaya musu, kuna turo hoto cikin babbar riga gaban kanti su ɗauka komi lafiya. Kira ta da kanka, ba saƙon murya ba, ka ce Inna nan daga Nuwamba zuwa Maris wuta muke saye kamar yadda kuke sayen hatsi da bazara, zan rage abin da nake aikowa na wata kaza sannan in maido. Ka faɗi adadin da za ka iya ka tsaya a kai, ya fi ka yi alkawarin da yawa wata ya zo ka kashe waya. Ka gaya ma yayyenka da ke Abijan ko Libiya su ɗan ɗaga ma a watannin nan, kai ka ɗaga musu lokacin azumi da Tabaski. Kuma daga Afrilu in shofaj ya huta ka riƙa ware wani abu duk wata a gefe da sunan sanyin baɗi.

In ka samu kWh ɗin shekarar da harafin DPE ɗin ka turo min su, ka rufe sunanka da lambar kontar kafin ka ɗauki hoton, mu duba tare ko farashin gwamnati ko tsayayye ne ya fi dacewa da gidanka. Ka gaida mai jego.